Hannun Baba yana karkarwa, tafiyarsa ta yi sanyi: alamomin cutar Fakinsin da abin da ke kawo ta

Wani bawan Allah ya rubuto yana tambaya game da mahaifinsa, manomi mai shekara 66. Ya ce kusan shekara biyu ke nan hannun Baba na dama yana karkarwa idan yana zaune, tafiyarsa ta yi sanyi, muryarsa ta yi ƙasa, har mutanen gida suna cewa ya daina fara'a. Wasu daga cikin dangi sun ce tsufa ne, wasu sun ce sammu ne, wasu kuma sun ce shanyewar ɓarin jiki ce ke tafe. Da aka je asibiti, likita ya ce yana zargin cutar Fakinsin. Mai tambayar yana so ya san alamomin cutar, da abin da ke kawo ta, da kuma ko 'ya'ya suna gadonta.

Allah ya ba Baba lafiya, ya kuma saka maka da alheri bisa kulawar da kake yi masa. Ban duba shi da idona ba, don haka likitan da ya gan shi ne ke da hurumin yanke hukunci, amma abin da ka bayyana ya yi kama ƙwarai da abin da muke gani a wannan cuta. A takardar asibiti za ka ga an rubuta sunanta Parkinson, wato sunan wani likitan birnin Landan, Jems Fakinsin, wanda a shekarar 1817 ya wallafa bayanin mutum shida masu wannan lalura, wasunsu ma a titi kawai ya gan su suna tafiya. Bayan shekaru da dama wani babban likitan jijiyoyi na birnin Faris mai suna Sharko ya ƙara nazari a kanta, ya sanya mata sunan mutumin da ya fara bayyana ta, kuma ya lura da abu biyu da har yau su ne ginshiƙin gane ta: masu cutar ba ƙarfi suka rasa ba, kuma ba dukkansu ke karkarwa ba.

A kan wannan batu nake so in daɗe, domin a nan ne iyalai da yawa suke kuskure. Mu Hausawa mun fi kiranta ciwon karkarwa, saboda karkarwar ita ce ido ke fara gani, amma a wurin likita babbar alamarta ita ce sanyin motsi da ƙanƙancewarsa. Idan babu wannan, ba ma cewa mutum yana da cutar Fakinsin, ko da hannunsa yana rawa dare da rana. Sanyin motsin yana shigowa a hankali ta yadda mai shi ma ba ya iya faɗin ranar da ya fara. Alwalar da yake yi cikin minti biyu ta koma minti bakwai, sanya maɓallin riga ya zama aiki, yanko lomar tuwo da mulmula ta ya fara gagara, tashi daga tabarma sai an yi yunƙuri biyu ko uku, juyawa a kan gado da dare sai da dabara. Idan muka ce wa majinyaci ya dinga haɗa babban yatsa da manuni yana buɗewa da sauri, sai mu ga ya fara da kyau, amma kafin ya kai sau goma buɗewar ta ragu, saurin ya mutu, wani lokaci ma yatsun su tsaya cak. Wannan raguwar girman motsi a yayin da ake maimaita shi ita ce muke nema. Ita ce kuma ke bayyana a rubutu, inda layi ke farawa da manyan baƙaƙe ya ƙare da ƙanana kamar sawun tururuwa, har wasu ma'aikata su fara samun matsala a banki saboda sa hannunsu ya canza.

Fuskar Baba da kuka ce ta daina fara'a, da muryarsa da ta yi ƙasa, duk daga wannan tushe suke. Naman fuska ma motsi yake yi, kuma idan motsin ya ragu sai ƙifta ido ya ragu, murmushi ya yi wuyar fitowa, fuskar ta tsaya kamar ta mai fushi ko mai tunani, alhali a zuciyarsa yana jin daɗin hirar da ake yi. Na ga gidajen da aka yi shekara ana zargin dattijo da cewa ya canza hali, matansa suna ganin ya daina kula su, jikoki suna tsoron zuwa kusa da shi, kuma babu abin da ya canza a zuciyarsa. Ina roƙon ka da ka bayyana wa mutanen gidanku wannan tun yau, domin yana rage wa mai cutar kaɗaici fiye da yadda ake zato. Haka nan dalalar miyau da kan biyo baya ba wai miyan ya ƙaru ba ne, haɗiyar da mutum ke yi ba tare da saninsa ba ce ta ragu.

Ita kuwa karkarwar tana da siffarta ta musamman. Tana zuwa ne idan hannu yana hutawa, misali an ɗora shi a kan cinya ana sauraron rediyo, sannan ta lafa idan an miƙa hannun don ɗaukar buta ko kofi. Babban yatsa da manuni sukan yi ta gogar juna kamar mai jan carbi ko mai ƙirga kuɗi, sau huɗu zuwa shida a cikin sakan ɗaya. Tana ƙaruwa idan hankali ya tashi ko mutane suka zuba masa ido, tana ɓacewa idan ya yi barci. Kusan kullum a ɓari ɗaya take farawa, kamar yadda ta fara wa Baba a dama, kuma ko bayan ta tsallaka ɗaya ɓarin, inda ta fara ya fi tsanani. Takan kama ƙafa, ko leɓe da haɓa, amma ba ta cika girgiza kai gaba ɗaya ba. Akwai kuma kaso mai yawa na masu cutar, kusan ɗaya cikin huɗu ko biyar, da ba sa karkarwa sam, kuma su ne suka fi daɗewa ba a gano su ba.

Alama ta uku ita ce ƙagewar gaɓoɓi. Idan likita ya riƙe hannun majinyaci yana lanƙwasa shi a gwiwar hannu ko a wuyan hannu, sai ya ji turjiya, wani lokaci tana saki tana kamawa kamar ana juya haƙoran keken ɗinki. Wannan ƙagewa takan fara da ciwon kafaɗa ɗaya, shi ya sa mutane da yawa suke shafe watanni suna shan maganin sanyin ƙashi kafin a gane inda matsalar take. Daga nan sai tafiya ta canza: hannu ɗaya ya daina lilo, jiki ya ranƙwafa gaba, taku ya gajarta, ƙafa ta dinga jan ƙasa. Idan cutar ta yi nisa, mutum yakan zo bakin ƙofar zaure ƙafafunsa su manne da ƙasa kamar an kafe su, ko kuma ya fara tafiya da ƙananan taku masu sauri kamar yana bin kansa da gudu don kada ya kifa. Yawan faɗuwa a wannan cuta yana zuwa ne bayan shekaru. Idan mutum ya fara faɗuwa, musamman ta baya, tun a shekarar farko, to muna tunanin wasu cututtuka masu kama da ita waɗanda suka fi ta saurin ci gaba.

Akwai wani ɓangare da iyalai ba su cika haɗa shi da cutar ba, kuma shi ne yake ba da amsa ga masu cewa an yi wa Baba wani abu ne a shekarar da hannunsa ya fara rawa. Cutar tana fara aikinta shekaru masu yawa kafin a ga karkarwa, wani lokaci shekara goma ko fiye. Ka tambayi Baba yaushe rabon da ya ji ƙanshin turare ko na miya sosai, domin raguwar jin ƙanshi da wari tana cikin alamomin farko a mafi yawan masu cutar. Ka tambaye shi game da maƙarƙashiya mai daɗewa. Ka kuma tambayi Mama, cikin ladabi, ko ta daɗe tana lura da cewa yana magana, ko ihu, ko kai naushi da shuri a cikin barci kamar yana aikata abin da yake mafarki. A al'ada ƙwaƙwalwa tana ɗaure jiki a lokacin mafarki don kada ya motsa, kuma lalacewar wannan ɗauri tana daga cikin alamomi mafi ƙarfi da ke riga cutar zuwa. Ciwon damuwa da fargaba su ma sukan riga karkarwa, kuma sashe ne na cutar kanta, ba raunin imani ko rashin haƙuri ba. Daga baya akan samu jiri idan an miƙe tsaye saboda jini yana sauka, da yawan fitsarin dare, da raunin mazakuta, da yawan gumi, da gajiya. A shekarun ƙarshe wasu sukan samu mantuwa ko ganin abubuwan da babu su, kuma haɗiya takan yi wuya har mutum ya dinga ƙwarewa da ruwa, abin da ke jawo ciwon huhu idan ba a kula ba.

Yanzu ga abin da ke faruwa a cikin kai. A can tsakiyar ƙwaƙwalwa, kusa da inda ta haɗu da lakar baya, akwai wani ɗan yanki da likitoci suke kira baƙin yanki saboda launinsa. Ƙwayoyin jijiyar da ke wurin suna samar da wani sinadari mai suna dofamin, wanda suke aikawa zuwa sassan da ke tsara motsi, su ba da izinin farawa, su kuma ƙayyade girmansa da saurinsa. Ka ɗauki misalin tashar mota inda motoci lafiyarsu ƙalau, direbobi suna zaune a ciki, fasinja sun cika, amma mai sallamar mota ya yi rauni, sai ka ga babu motar da ke tashi a kan lokaci. Haka jikin mai wannan cuta yake: naman jiki da ƙashi da ƙarfi duk suna nan, sallamar ce ke makara. A cutar Fakinsin waɗannan ƙwayoyi suna mutuwa sannu a hankali, kuma ƙwaƙwalwa tana rufa asiri na tsawon lokaci, ta yadda kafin alamar farko ta bayyana a hannu, kusan rabinsu ko fiye sun riga sun tafi. Idan aka duba ƙwaƙwalwar wanda ya rasu da cutar, ana ganin baƙin yankin ya koɗe.

Wannan ilimi ya taru ne a hankali. A 1912 wani likita Bajamushe mai suna Lewi ya ga wasu dunƙule-dunƙule a cikin ƙwayoyin jijiyar masu cutar, waɗanda har yau ake kira da sunansa. A ƙarshen shekarun 1950 wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Arbid Kalson, ya nuna muhimmancin dofamin ga motsi, aikin da ya sa ya samu lambar yabo ta Nobel a 2000. A 1960 masu bincike a birnin Biyana suka tabbatar da cewa dofamin ya ragu ƙwarai a ƙwaƙwalwar masu cutar, a 1997 kuma aka gano cewa dunƙulen nan na Lewi wani furotin ne, wato sinadarin ginin jiki, mai suna alfa-sinukilin da ya lanƙwashe ba daidai ba ya cunkushe. Ana samun irin wannan cunkoso a jijiyoyin hanci da na hanji tun da wuri, abin da ya dace da rashin jin ƙanshi da maƙarƙashiyar da na ambata. Don haka, ɗan'uwa, abin da ke damun Baba yana da wuri sananne a cikin ƙwaƙwalwa, ana ganinsa da madubin likita, kuma iri ɗaya ne a jikin Bahaushe da Bature da Basine. Addu'a tana da matsayinta kuma ba ta hana shan magani, amma zargin wani ɗan'uwa ko kishiya ko maƙwabci da sammu zalunci ne da zai raba zumunci a lokacin da Baba ya fi bukatar kowa.

Me ke sa waɗannan ƙwayoyi su fara mutuwa? A mafi yawan mutane ba abu ɗaya ba ne, haɗuwa ce ta shekaru da gado da abin da jiki ya ci karo da shi a rayuwa. Shekaru su ne kan gaba. Cutar ta fi farawa a wajen shekara 60, kuma kusan mutum ɗaya cikin ɗari na waɗanda suka haura 60 yana da ita, maza sun fi mata da kusan ninki ɗaya da rabi. Wannan lissafi da kansa ya isa amsa ga masu cewa tsufa ne kawai, tunda tsofaffi casa'in da tara cikin ɗari ba su da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 fiye da mutum miliyan 8.5 ne ke ɗauke da cutar, kuma yawan masu ita ya ninka cikin shekara 25.

Game da gado, wanda na san shi ne ya fi damun ka, kusan mutum 10 zuwa 15 cikin ɗari na masu cutar ne ke da wani ɗan'uwa na jini da ya yi ta, sauran kuwa babu kowa a danginsu. Wanda mahaifinsa ya yi cutar haɗarinsa ya kai kusan ninki biyu na sauran mutane, amma ninki biyu ne na abu ƙarami, don haka mafi yawan 'ya'yan masu cutar suna tsufa ba tare da sun gan ta ba. An gano wasu ƙwayoyin gado da ke da hannu. Akwai wani canji a ƙwayar LRRK2 da ya yi yawa a tsakanin Larabawa da Barbar na Arewacin Afirka, amma binciken da aka yi a Najeriya ya nuna ba kasafai ake samunsa a nan ba. A 2023 wani babban bincike, wanda mafi yawan majinyatansa 'yan Najeriya ne, kuma Farfesa Njideka Okubadejo ta Jami'ar Legas tana cikin jagororinsa, ya gano wani canji a ƙwayar GBA1 da ke ƙara haɗarin cutar a tsakanin mutanen da asalinsu Afirka ne. Ƙara haɗari yake yi, ba hukunci ba ne cewa mai shi sai ya kamu. Akwai kuma wani nau'i da ke kama matasa ƙasa da shekara 40, wanda ke bayyana idan yaro ya gaji ƙwaya mai matsala daga uwa da uba duka, kuma irin wannan ya fi yiwuwa a gidajen da auren zumunci ya yi yawa. Cutar da ta fara wa Baba bayan shekara 60 ba ta yi kama da wannan nau'i ba. Ba kuma a ɗaukar ta ta hanyar cin abinci a kwano ɗaya, ko gaisawa, ko kwana ɗaki ɗaya.

Da ka ce Baba manomi ne, hankalina ya tafi kan magungunan feshi. A 1982 a jihar Kalifoniya ta Amurka wasu matasa masu allurar ƙwaya suka sandare cikin 'yan kwanaki da alamomin wannan cuta, aka bincika aka gano cewa wani gurɓataccen sinadari mai suna MPTP ne ya kashe musu ƙwayoyin baƙin yankin nan. Wannan ya tabbatar da cewa guba daga waje tana iya haifar da cutar, kuma abin da sinadarin ke rikiɗewa ya zama a cikin jiki ya yi kama sosai da farakwat, maganin kashe ciyawa da manomanmu suka sani da sunaye irin su Gramoxone. Wani bincike da aka wallafa a 2011 a kan manoman Amurka ya nuna cewa waɗanda suka yi amfani da farakwat ko wani maganin ƙwari mai suna rotinon sun fi sauran kamuwa da kusan ninki biyu da rabi. Tarayyar Turai ta hana farakwat tun 2007, Faransa kuma a 2012 ta amince da cutar Fakinsin a matsayin cutar da aikin gona da magungunan feshi ke iya jawowa. Babu wanda zai iya rantsuwa cewa feshi ne ya jawo wa Baba, domin dubban manoma sun yi feshi ba su kamu ba, amma yana ci mini rai idan na ga matashi ya goya famfon feshi yana yoyo a bayansa, ba safar hannu, ba takunkumi, ya dama maganin da hannu, sannan a wanke jarkar a zuba ruwan sha. Idan ku 'ya'yansa kuna noma, wannan shi ne haɗarin da ke hannunku ku rage. Wasu sinadaran wanke ƙarfe a masana'antu ma an danganta su da cutar, haka nan bugun kai mai tsanani ko mai maimaituwa. Kowa ya san Muhammad Ali, wanda aka gano yana da cutar a 1984 yana da shekara 42, ya rayu da ita har 2016. Likitoci sun yi saɓani kan ko dambe ne sanadin tasa, amma alaƙar raunin kai da cutar ta isa ta sa ɗan acaɓa ya sa hular kwano.

Kafin a tsaya a kan wannan cuta, dole a kawar da abubuwan da ke kwaikwayonta, kuma na farko shi ne magani. Magungunan taɓin hankali irin su halofiridol da Largactil, da na amai da jiri irin su Plasil da Stemetil, suna toshe aikin dofamin, kuma idan aka daɗe ana sha sukan haifar da alamomin motsin da na lissafa, galibi a ɓari biyu lokaci ɗaya. Wannan nau'i yakan warware bayan an canza maganin bisa shawarar likita. Akwai kuma wata karkarwa ta gado da ta fi cutar Fakinsin yawa, wadda ke zuwa idan ana amfani da hannu, kamar riƙe kofin shayi, takan girgiza kai da murya, kuma ba ta zuwa da sanyin motsi. Yawan aikin halittar gaban wuya, wadda ke kumbura ta zama maƙoƙo, shi ma yana sa rawar hannu. Shanyewar ɓarin jiki kuwa farat ɗaya take zuwa, da raunin hannu da ƙafa ko karkacewar baki, saɓanin abin da ya ɗauki shekara biyu yana rarrafe, sai dai ƙananan toshewar jijiyoyin jini a ƙwaƙwalwar mai hawan jini ko ciwon suga sukan sa jan ƙafa mai kama da wannan. Wanda ya taɓa suma saboda hayaƙin janareta ko na gawayi a rufaffen ɗaki, da wanda ya daɗe yana shaƙar hayaƙin walda, su ma sukan nuna alamomi makamanta.

Babu gwajin jini na yau da kullum da ke tabbatar da cutar, kuma hoton ƙwaƙwalwa yakan fito lafiya lau, amfaninsa shi ne kawar da wasu cututtukan. Ana gane ta ne da labarin majinyaci, da dubawar likita, da kuma yadda jiki ya karɓi maganin lebodofa, wanda ƙwaƙwalwa ke mayarwa dofamin. Tun ƙarshen shekarun 1960 ake amfani da shi, kuma ko da yake ba ya tsayar da cutar, yana mayar wa mutane da yawa tafiyarsu da sallarsu a tsaye na tsawon shekaru. Ku nemi a tura Baba wurin likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a asibitin koyarwa mafi kusa da ku. Ranar zuwa ku tafi da duk magungunan da yake sha a cikin kwalayensu, har da na gargajiya, ku rubuta sunayen magungunan feshin da ya yi aiki da su da tsawon shekarun da ya yi, ku ɗauki ɗan bidiyon hannunsa yana zaune da na tafiyarsa a tsakar gida, kuma Mama ta raka ku, domin ita ce za ta ba da labarin barcinsa.